Matan Aure Kaɗai Ke Hawa

"Ke matar wa ce?" hafsan ya tambaya daga saman jirgin.

Tamsin ta ɗaga kai daga kwalekwalen babanta, zuciyarta na tafasa.

"Ba matar kowa ba ce ni. Wannan jirgin naku ne ya hana."

Gaskiyarta kuwa. Tunda aka kama saurayinta Digory a tashar Plymouth aka cusa shi aikin sojan ruwa, jirgin Merganser bai zauna ba. Ya yi gadin gaɓar Faransa, ya sha wuta a Jamaika, ya dawo jikinsa duk huji. Ga shi yau a gida, amma ba a barin kowa ya taka ƙasa, don kada ya gudu. Matan aure kaɗai ke hawa. Shi ya sa kowace mace ta iso sai ta ce ita matar wane ce, hafsan ya kau da kai.

"Wane ne naki?"

"Digory Trewin."

"Ai matarsa ta hau tun ɗazu. Sunanta Keziah ko?"

Keziah, maƙwabciyarta, wadda jiya ta rantse ko kallon Digory ba ta yi... Tamsin ta ji kamar ta fasa ihu.

"Na gaya miki," in ji Baba, yana juya kwalekwalen. "Mutumin ruwa ba mijin aure ba ne. Mu tafi gida."

Sai ga Digory ya leƙo ta tagar igwa, ya rame, rana ta ƙona shi.

"Tamsin! Masoyiyata, tsaya..."

"Koma wajen matarka."

"Wallahi na kore ta, tana can tana neman wani. Ki ce ke matata ce kawai ki hau. Kowa haka yake yi."

"Ni ba kowa ba ce, Digory. Shekarun nan da na yi ina jiranka, don in shigo da ƙarya na yi su?"

"To in faɗo ruwa?"

"Su harbe ka, in huta ko?" Hawaye suka zubo mata, haushi ya ƙara kama ta don ya gani.

Baba ya dubi 'yarsa, ya daɗe, sannan ya yi tsaki.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa hafsan, "babu malamin coci a wannan tulin katakon?"

Akwai. Tsoho ne mai tsoron tsani, don haka ta tagar igwar ya leƙo shi ma, kafaɗarsa na gogar ta ango. Nan aka ɗaura auren, ruwa na jijjiga amarya a kwalekwale, Baba na riƙe da igiya yana gunaguni. Zoben ma ƙusar tagulla ce aka lanƙwasa.

"Ke matar wa ce?" hafsan ya sake tambaya, yana danne dariya.

"Matar Digory Trewin."

"Hau."

Ta hau. Ƙafarta na taɓa benen jirgin Digory ya kama hannuwanta biyu. Bai kai ga cewa komai ba igwa ta tashi, aka ɗaga shuɗiyar tutar tafiya. Umarni ya iso, Merganser zai wuce Indiya kafin ruwa ya janye.

"Duk matan aure su sauka!"

Tamsin ta dubi mijinta, ta goge ido da bayan hannu.

"Ka ji," ta ce. "Wannan karon da ni ake."