Zaren Fatsa a Rumfar Dija

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman akurki, Dija kuwa tana tsaye bisa turmi da guduma a hannu, tana kafa ƙusa ta ƙarshe.

Mijinta Namadi ne ya rufa mata rumfar ɗinki da kwanon roba, irin mai shigo da haske, don ta riƙa ganin kafar allura. Hasken ya shigo, amma bai zo shi kaɗai ba. Kafin azahar rumfar ta zama tanda, matan Gummi masu kawo ɗinki sai su tsaya daga waje suna fifita da mayafi. Shi ya sa ta yi niyyar shimfiɗa farin yadi a ƙarƙashin kwanon. To, da me za a rataye shi? Igiyar rama ƙauyanci ce, in ji ta. Waya kuma tsatsa take, ta ɓata yadi. Sai ta aika bakin gulbi aka samo mata zaren fatsa wajen masunta, wanda ke ɗaga giwan ruwa bai tsinke ba, wanda in an ɗaure shi ko ka zare ido ba ka ganinsa. Dija mace ce mai son a gani a yaba. So take a shigo a ga yadi yana lilo a sama, a rasa abin da ke riƙe da shi.

Iya, uwar mijinta, tana alwala a gefe. Ta ɗago kai.

"Dija, almuru ta yi, ki bari sai da sahe. In kuma kin ɗaure abinga, ƙulla mai jan tsumma, masu wucewa su gani."

"Wa ka wucewa ta bisa, Iya? Tsuntsu?"

"Ba mu kaɗai muke cikin gidanga ba."

"Haba Iya! In sai yadi sabo, in rataya mai tsumma?"

Ta ja zaren daga wannan bango zuwa wancan, ta ɗame shi tamau. Ladan ya kira salla. Babu iska, babu motsi, sai zaren ya yi ƙara kamar an taɓa tsarkiyar gurmi, yadin ya girgiza. Wani ɗan kuka siriri ya tashi, ya ɗauke. Gidan ya yi tsit, har kajin.

Daga ranar magariba ta zama abin tsoro. Da rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka kan kwano, Namadi ya zaga bayan gida da sanda ya dawo bai ga kowa ba. In duwatsun sun lafa sai a ji muryar mace cikin rumfa, tana rarrashin ɗan da ba ya amsawa. Duk wannan Dija ta daure. Abin da ya karya ta shi ne wuyan Naja'atu, ɗiyarsu tilo. Wani jan layi ne ya fito mata, siriri, ya zagaye wuyan. Kowace magariba sai ya ƙara nutsewa, numfashin yarinya yana ƙara guntulewa. An shafa man shanu, an turara tazargade, duk a banza.

Namadi ya hau babur har Nasarawa Burkullu ya ɗauko Malam Abdussalam, dattijo mai ruƙiyya. Sun iso rana tana shirin faɗuwa. Malam ya sa aka kwantar da yarinyar a cinyar uwarta cikin rumfar, ya zauna, ya fara karatu a hankali, bai yi gaggawa ba. Can sai Naja'atu ta sandare. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ta babbar mace ce wadda kuka ya dusashe.

"Malam, bar ƙona ni. Ni anka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Tun ba a aza tubalin gidanga ba, nan hanyarmu take zuwa gulbi. Kunka yi bango, munka kewaye. Kunka shanya igiya, munka duƙa. Duk abin da munka gani muna kauce mai. Ranan nan ɗana na gaba yana gudu, ina biye. Abin da ba a gani ya yanke mai wuya."

"Matar ba ta sani ba."

"An hwaɗa mata."

Iya ta sunkuyar da kai. Dija ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Rai da rai," in ji muryar.

"Ke Musulma ce?"

"Musulma."

"To kin san ba a kashe rai a kan kuskure. Balle yarinyar da ba ta ji ba ta gani ba. Ki ji tsoron Allah, ki hwaɗi abin da za a ba ki."

Aka ji kiran salla daga nesa.

"Ba ni son ragonku. Ni dai ba ni ƙara ganin ɗana. Uwar na son abin da ka riƙe kaya ba a ganinai, ko? To ta zan haka. Ta riƙe ɗiyarta ta rene ta, amma ɗiyar ba ta ƙara ganinta. In ba haka ba, yau in gama ɗame zarena."

"Wannan zalunci na," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu. Amma jan layin ya fara tsattsafo jini, idanun yarinya suka kafe. Dija tana jin ɗan jikin yana saki a hannunta.

"Na yarda!"

Malam ya ce, "Dija, kada ki..."

"Na yarda, na ce! Ki sake ta!"

Mutanen ɓoye kuwa ba a yi musu magana biyu. Naja'atu ta yi atishawa mai ƙarfi. Zaren da ke sama ya tsinke da kansa, farin yadin ya zubo ƙasa. Malam ya rufe fuska da tafin hannu.

Yarinya ta buɗe ido, wuyanta sumul. Ta dubi Namadi, ta ce Baba. Ta dubi Iya, ta yi murmushi. Sannan ta waiga hagu da dama.

"Ina Inna?"

"Ga ni, ɗiyata. Ni ka riƙe da ke."

Naja'atu ta ƙwalla ƙara ta faɗa jikin kakarta tana neman tsari, don murya ta ji babu mai ita, hannu ta ji babu jiki. Aka yi ta yi mata bayani, ta ɗauka rarrashi ne. Duk sanda Dija ta yi magana sai yarinya ta suma, har Malam ya ce gara ta kame bakinta in tana kusa.

Duwatsu sun daina. Matan unguwa suka dawo da ɗinkinsu, da tseguminsu, kowa na cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kamar su ba su taɓa raina maganar tsohuwa ba. Kaico! Dija ke dafa wa ɗiyarta, ita ke wanke mata, ita ke auna tsohuwar rigarta don ta san yadda ta girma.

Wata la'asar tana zaune tana kalmashe mata rigar Salla da hannu, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, sai Naja'atu ta jingina da kakarta.

"Iya, don Allah hwaɗa mani gaskiya. Mi na yi ma Inna ta tahi ta bar ni, ko sallama babu?"

Iya ta dubi Dija. Dija ta cije leɓe har ya fashe, ta girgiza mata kai, ta ci gaba da ɗinki.