Ruwan Zafin da Aka Juye a Kwazazzabo

Ranar Asabar, sha biyu ga Afrilun bana, da ƙarfe bakwai da rabi na yamma, aka cuci gidana. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi a garinmu Wazzan, ban saba faɗin abin da ban tabbatar ba.

Mu uku muka tafi a tsohuwar motata: ni, da matata Batul, da autarmu Gizlan mai aiki a kantin magani. Mun daɗe muna hawan duwatsu kafin mu kai kwazazzabon da ke cikin gandun dajin gwamnati. A bakin shiga muka ɗauki jagora, wani Mufaddal, mai surutu kamar rediyo. Ya gangara da mu har ƙasa, inda duwatsu suka matse sararin sama ya koma kamar zare, ya dafa mana shayin na'a-na'a a gefen wani idon ruwa.

Da rana ta faɗa bayan dutse sai ya shiga gaggawa. Ya miƙa wa Gizlan butar, sauran ruwan yana tafasa.

"Juye a ramin can mu tafi."

Batul ta ce, "Haba ɗana, ruwan zafi da almuru? A sirka da na sanyi mana, a yi bisimilla."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Hajiya, aljanun nan abokaina ne, tare muke shan shayi. Juye, ƙanwata, kafin a rufe mana ƙofa."

Ta juye. Tururi ya taso daga ramin. Kwaɗin da ke ta kuka suka yi tsit gaba ɗaya.

Kwana uku da dawowarmu, ana kiran magariba, Batul na yanka burodi, dutse ya faɗo a tsakar gida. Wasu suka biyo shi. Na tsince su, guda bakwai, sumul, a jiƙe, da gansakuka a jikinsu. Babu rafi a unguwarmu. Washegari sha tara na ƙirga.

Daga nan Gizlan ta daina cin abinci. Da yamma ta yi sai ta zauna a bakin magudanar banɗaki, ta rungume iska tana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri. Likita biyu muka gani, aka ɗauki hoton kanta, ba a ga komai ba. Yarinyar da ke ba mutane magani ta kasa gane uwarta.

Maƙwabta suka kawo mana Malam Si Ayyashi daga ƙauyen tudu. Tun la'asar yake karatu a kanta. Hasken taga ya dushe, ɗakin ya yi sanyi, sannan bakin 'yata ya buɗe da muryar wata tsohuwa.

"Jikana na kwance a bakin ƙofarmu. Bayansa ya saɓule."

"Allah ya ba shi lafiya. Me kike so?" in ji malam.

"Baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don wanin Allah. Sake faɗa."

"To hannun da ya zuba."

Batul ta fasa kuka. Malam ya ɗaga mata hannu, ya ce da muryar, "Yarinya umarni ta bi. Uwarta ma ta hana, ke shaida ce."



"Mai dariyar nan," in ji muryar. "Shekara nawa yana tattake mana ƙofa muna haƙuri. Ya zo inda ya yi dariyar, a gaban mutanensa, ya ce ya yi kuskure. Kwana arba'in na bayar. In bai zo ba, zan dawo, kuma ba fita."

Gizlan ta yi atishawa ta sulale. Da ta farka ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Sau biyu na koma wurin Mufaddal. Na farko ya ɓuya. Na biyu ya ce, "Ustaz, kai da ka yi boko? In na tsaya ina ba rami haƙuri, wa zai sake ɗaukata jagora?" Na roƙe shi, ni da na girmi ubansa. Ya ci gaba da danna waya.

Ban ce sai ya yarda da aljanu ba. Amma ya ji gargaɗin dattijuwa ya yi mata ba'a, ya sa 'yar mutane ta aikata abin da ko kakarsa ba za ta yarda a yi a gabanta ba. Yau saura kwana tara. Gizlan ta koma aiki, ba ta san da wa'adin ba, mun kasa gaya mata.

Don haka ina kira ga shugaban ƙungiyar jagororin kwazazzabon da limamin ƙauyen su Mufaddal. Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, Mufaddal ya tsaya a bakin idon ruwan, a gabanku, ya ɗaga murya ya nemi afuwar masu wurin, da ta Batul, da ta 'yata. Ba a waya ba, ba ta bakin ɗan aike ba. Da bakinsa, kowa na ji.