Zomon Matar Bature

Ciyawa na je yankowa, ba wani abu ba. Rana ta yi ja, na ɗauki lauje da tsohon buhu na gangara fadamar bayan bariki, ina tafe ina tsaki. Ni Hajjo, da 'yata ba ta ci komai ba tun safe sai ɗumame, wai ni ce mai yi wa zomo cefane.

Mijina Abarshi shi ne kukun Baturen daji a Birnin Gwari, a shekarun da ake shata gandun daji. Leburori ne suka kamo zomon a wani kufai can cikin daji, kunnensa na hagu a tsage kamar shaidar da Fulani ke yi wa shanu. Matar Bature ta gani ta ce tana so. Aka ƙera masa keji na waya, har suna aka raɗa masa. Da za su tafi hutu Ingila, Bature ya sa aka kawo kejin gidanmu. Ya ce wa Abarshi in ya dawo bai tarar da zomon ba, aiki ya ƙare, kuma sai ya kwana a gidan yari. Abarshi ya datse kejin da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya kamar laya.

Azumi ce kaɗai ta yi murna. 'Yata tilo, shekara shida, bakinta ba ya hutawa. Wuni take tsugune gaban keji tana ba shi labari, tana yi masa waƙa, har na gaji in kore ta.

Na cika rabin buhu ke nan sai gyare ya yi tsit. Tsuntsaye ma haka. Wani wari ya taso, irin na garke bayan ruwan sama, alhali babu ruga a wajen. Daga nan na ji fito, siriri, irin wanda makiyayi ke yi in zai kora dabbobi gida.

Na ɗaga kai.

Zomaye ne kewaye da ni. Ba sa kiwo, ba sa motsi. Kowanne kunnen hagu a tsage.

A bayansu wata tsohuwa, sanda a kafaɗa. Tana tsaye a kan ciyawa, ciyawar ba ta kwanta ba.

"'Yar nan," ta ce a hankali, amma kamar a cikin kunnena. "Nawa yana gidanki."

"Inna, ba nawa ba ne. Na Bature ne."

"Ban san shi ba. Gidanki na sani." Ta matso, ban ga ta ɗaga ƙafa ba. "Gobe i war haka. In kin riƙe nawa, zan riƙe naki."

Ban san inda na yar da laujen ba. Ƙaya ta tsaga mini ƙafa, ban ji ba sai a gida.

Na durƙusa gaban Abarshi na faɗa masa komai. Ya dafe makullin a ƙirjinsa.

"Malam, don Allah ka buɗe. Mu ce kyanwa ta cinye shi."

"Hajjo, kin taɓa jin aljani ya kai mutum gidan yari? Bature kuwa yana kaiwa. Zan karɓo rubutu a wajen liman, ki ba Azumi ta sha."

Washegari ya tafi bariki da makullinsa. Zan faɗi gaskiya ko da ta ƙona ni: tabarya tana jingine da danga, bugu biyu kejin zai watse. Sau uku na ɗauke ta, sau uku na mayar. Ni ma Baturen na fi tsoro.

Da rana ta yi ja na shigar da Azumi ɗaki, na zaunar da ita a cinyata, na rungume ta ina karanta duk abin da na iya.

"Inna, kin matse ni," ta ce. "Bari in je in ba shi ruwa."

Warin garke ya shigo ta ƙarƙashin asabari.

Fito, daga bayan danga.

Zomon ya fara dukan waya da kai.

Fito na biyu, a tsakar gida.

Azumi ta sandare. Zuciyarta tana bugu a tafin hannuna da sauri, sauri irin wanda ba na mutum ba. Wani abu ya ja ta, ja mai ƙarfi, har muka kai bakin ƙofa ni da ita. Na tokare ƙafa da dokin ƙofa, na ƙwala salati.

Ladan ya kira sallah. Aka saki.

Tana hannuna, da ɗuminta, idonta a buɗe. Na kira sunanta. Ta dube ni kamar yadda ake duban bango.

Azumi ta yi shekara talatin da ɗaya bayan wannan, ba ta sake cewa uffan ba. Malamai sun yi, bokaye sun yi, har garin Kakangi na goya ta.

Bature ya dawo bayan wata huɗu, shi kaɗai, matar ta ce ba ta ƙara zuwa ƙasar sauro. Abarshi ya sa wankakkiyar riga, ya ɗauki keji a ka ya kai bariki. Bature ya leƙa, ya yi dariya, wai ashe abin nan yana nan da rai. Ya ce a dafa masa shi da albasa.

Abarshi ne ya yanka, shi ya dafa, shi ya kai tebur. Ya dawo gida ya zauna kusa da Azumi. Na tambaye shi ko Baturen ya ci.

"Rabi ya ci," in ji shi. "Ya ce naman ya yi tauri."