Sulken Milka

A bas ɗin Kafanchan zuwa Zonkwa suka haɗu. Milka, malamar firamare, tana buga wasan yaƙin zamanin da a waya, jarumarta sai shan sara take yi. Saurayin da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Sista, abeg, wannan rigan fata ba zai kai ki ko'ina ba."

"Wa ya tambaye ka?" ta ce. Amma kafin su kai Madakiya ta ba shi lambarta.

Sunansa Yafet, mai haɗa sola. Suka riƙa wasan tare, so ya shiga ba sallama. Wata uku bawan Allah yana fafatawa da dodanni kafin ya samu sulken ƙarfe mafi kauri a wasan, ya tura mata da saƙo:

"Tauraruwata, sa wannan. Babu abin da zai taɓa ki ina raye."

Saƙon ya yi mata daɗi, sulken kuwa ya zame mata kaya. Jarumar ta daina iya kaucewa, ta shiga fadama ta nutse. Milka ta ɓoye masa, don ba ta son karya masa gwiwa.

Babanta, Baba Ezekiyel, tsohon soja ne, kuma Alexander, ma'aikacin sakatariya, yake so ta aura. Ta kai masa zancen Yafet.

"Namiji da gemu yana wasa da yaƙi?" ya ce. "Ya zo ran Lahadi bayan sujada. In bai gamshe ni ba, an rufe magana."

Yafet ya zo yana gumi cikin kwat ɗin aro. Baba ya ce a nuna masa abin da ke cinye musu lokaci. Milka ta buɗe wasan, jarumar ta taka fadama, ta lume har wuya.

"Wa ya loda mata ƙarfe haka?"

"Ni ne, Baba. Shi ne bes, ya fi duka."

"Bes ga wa? Mu a daji, kayan da ya hana ka gudu shi ke kashe ka. Ka tambaye ta?"

Milka ta san maza, a gaban suruki ba sa yarda sun yi kuskure. Yafet ya juyo.

"Milka, gaskiya ne?"

"Wata biyu ina mutuwa a laka," ta ce a hankali.

"Kai! Ki yafe mani. Cire shi. Wanne kina so?"

Ta zaɓi ƙaramar rigar sarƙa marar nauyi, ta tsallake fadamar a guje. Baba kuwa ko wayar bai kalla ba, fuskar yaron yake karanta.

"Shekara ashirin da biyu na yi a soja," ya ce, "ban ga wanda aka gyara a gaban mutane ya ba da haƙuri ba. Ka turo iyayenka."

Milka ta sauke wata ajiyar zuciya da ta ji har tafin ƙafarta, sai ga hawaye.

Bayan an haƙe citta aka ɗaura aure a Zonkwa, zumuntar mata na kaɗa tulu suna guɗa. Baba Ezekiyel ya ɗora hannunta a na Yafet.

"Ga 'yata. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku."

Ikilisiya ta amsa da amin mai ƙarfi.