Haruffan Malam Dalhatu

Da hantsin Talata aka kira ofishin 'yan sanda na Sharada cewa an tsinci gawar Malam Dalhatu mai zanen haruffa a shagonsa. Sufeto Haruna ya tafi da kansa, don allon sunan da ke kan teburinsa ma aikin hannun tsohon ne.

Ya same shi kwance a gindin teburin ƙarfe, ƙeya a fashe. A kan kanta akwai gurbin akwatin da aka ɗauke.

'Yarsa Fiddausi, wadda ta kawo masa abinci ta tarar da abin, tana zaune a bakin ƙofa, kwanon na cinyarta.

"Me ke cikin akwatin?"

"Sababbin haruffansa ne, Yallaɓai. Shekara bakwai yana yanka su a fallayen kwano, irin waɗanda ake ɗorawa a shafa fenti."

"Yaya suke?"

"Sirara ne, dogaye, sun karkata gaba kamar mai saurin samun jam'i. Babu lanƙwasa ko ɗaya, duk kusurwa ce. Ya ce komai tsawon sunan kamfani zai shiga gefen kwali ko bakin buhu a layi guda, kuma a karanta shi daga nesa."

"Wa ya taɓa ganinsu?"

"Ni kaɗai. Ya ce ba mai gani sai ya gama."

Idi maigadin layin ya yi rantsuwa cewa bai motsa daga bakin get ba. Sufeto ya dubi kofin da ke hannunsa.

"Kokon nan, a get ake dama shi?"

Idi ya sosa ƙeya. E, ya ɗan leƙa titi. Da dawowarsa ya ga wani ya fita a kan jan babur, da kaya a baya. Jan babur a Kano! Gara ma ya ce ya ga mutum da hula.

Daga nan Sufeto ya wuce Bompai wajen Muhsin, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana koyon aiki a hannun marigayin, yanzu kuma yana da shagon ɗab'i da kwamfutoci. Idanunsa sun kumbura don kuka.

"Rabona da shagon Malam wata uku," in ji shi. "Haruffan nan kuwa ban taɓa sa su a ido ba."

"Me ya sami tafin hannunka?"

"Takarda ce ta yanke ni."

Sufeto bai taɓa ganin takardar da ke sa a naɗe hannu da bandeji ba, amma ya yi masa sallama ya fita.

Ran addu'ar uku ya biya maƙabarta, ba don aiki ba, don dai zuciyarsa ta ƙi sakin tsohon. An kafa wa kabarin ɗan allon ƙarfe da bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. A jikinsa, layi guda, tsaf: MALAM DALHATU ABDULBAƘI NA'IBAWA. Haruffa sirara, masu kusurwa, sun karkata gaba.

Ya ɗauki hoto da wayarsa ya kai wa Fiddausi. Kallo ɗaya ta yi ta fashe da kuka.

"Su ne. Wallahi su ne."

Mai kula da maƙabarta ya faɗi wanda ya kafa allon, har da jan babur ɗin da ya zo a kai.

Sufeto ya koma Bompai ya ajiye wayar a gaban Muhsin.

"Ka ce ba ka taɓa ganinsu ba."

Muhsin ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya janyo akwatin daga ƙarƙashin tebur.

"Na gwada duk haruffan da ke kwamfutata, Yallaɓai. Ko dai sunan ya ƙi shiga, ko ya fito kamar tallan sabulu. Yaya zan raba sunan Malam gida biyu, alhali ga nasa haruffan?"

"Me ya faru ran Talata?"

"Roƙonsa na yi ya bar ni in sa su a kwamfuta, kada su bi shi ƙasa. Ya ce in yi haƙuri, saura kaɗan. Shekara uku ke nan yana ce mini saura kaɗan. Na ɗauki akwatin, ya riƙe, na fizga. Na ji ƙarar kansa a jikin tebur, na gudu."

Sufeto ya shiga fito da fallayen ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasa akwai wani abu naɗe cikin jarida, da alama Muhsin bai kai gare shi ba. Ya warware. Allon shago ne, an yanka shi da sababbin haruffan: MUHSIN MAI ƊAB'I. Harafin ƙarshe kaɗai ya rage, an zana shi da fensir, almakashi bai bi ta kai ba.

Shekara goma sha takwas Sufeto Haruna yana kama mutane, bai taɓa jin tausayin wanda ya kama kamar na ranar nan ba. Ya juya allon yadda Muhsin zai iya karantawa.

Muhsin ya karanta, ya miƙo hannuwansa biyu da kansa. Har suka isa mota bai daina waiwayen teburin ba.