Da Sunan Yayana Aka Binne Shi

Ranar tara ga azumi ne, shekarar korona. Ina kicin ɗin Madam Abir a Abhur, unguwar masu kuɗi a Jidda, ina naɗe sambusa, sai wayata ta yi ƙara. Turai ce, matar yayana Bawa.

"Naja'atu, kina zaune?"

"Ina tsaye. Lafiya?"

"Yanzu aka kira ni daga asibiti... Wai in yi haƙuri, mijina ya rasu."

"Innalillahi! Yaya Bawa?!"

"Ga Bawa nan kusa da ni, Naja'atu. Ga shi yana kuka."

Sai na gane. Na sulale ƙasa, hannuna duk fulawa, mai yana ta ƙonewa a kasko.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Abin da na tuna shi zan faɗa.

Na'ibi mijina ne, mutumin Gumel, ya zo umara bai koma ba. Ni da Yaya Bawa a unguwar Ruwais, nan Jidda, aka haife mu, ba mu taɓa taka Najeriya ba. A gidan Yaya na fara ganinsa, ya zo gyaran famfo ya ƙara lalata shi. Ina dariya, ya ɗago ya dube ni, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ke 'yar Jidda, Larabci ya cinye miki Hausa, ya bar miki dariya."

"Kai kuma Larabcinka ko akuya ba za ta gane ba."

Wata biyar aka ɗaura mana aure.

Ba shi da iƙama, wato katin izinin zama. Don haka aikin da ya samu shi ne kwasar shara wajen wani ɗan kwangila da ba ya tambayar takarda. A bayan babban juji suke kwana, can kudancin gari, su goma sha huɗu a ɗaki ɗaya. Banɗaki ɗaya. Ruwa sai ranar da tanka ta ga dama. Hayaƙin jujin ya daɗe da sa masa tari. Ni kuma ina aikatau a Abhur, inda ake ba fulawoyi ruwa sau biyu a rana. Juma'a ce tamu, a wani ɗan ɗaki a saman gidan Yaya. Shekara shida muna haka.

Da cutar ta shigo aka rufe gari. Madam ta tara mu a tsakar gida.

"Wanda ya fita, halas, shi ke nan, ba zai dawo ba."

Ta kulle ƙofa ta riƙe makulli.

Kowa aka ce ya zauna gida, ban da masu shara. Su ne ke kwashe takunkumin da mutane suka jefar, da hannu tsirara. Kullum da rana ina kiran shi.

"Habibi, an ce a riƙa wanke hannu, a ba da tazara."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tazara? Sahibata, ƙafar wani ce matashin kaina. Ruwan da za mu sha ma ana layi."

Daga nan zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu yana ce min mura ce. Rana ta biyar ba ya iya ƙarasa magana.

"Ka tafi asibiti, don Allah! An faɗa a talabijin, har marar iƙama za a duba kyauta, ba kamu."

"Tarko ne... Waɗanda suka shekara suna bin mu da mota... yau su ce mu kawo kanmu?"

Gaskiya ni ma ban yarda ba. Ba wanda na sani da ya yarda.

Sai na yi abin da muka saba yi. A cikinmu aron iƙama ba sabon abu ba ne. Marar lafiya ya karɓi ta ɗan'uwansa ya je a duba shi, ya dawo ya mayar. Mai rubuta suna a asibiti ba ya kallon hoto sau biyu in fuskar baƙa ce, balle yanzu da takunkumi ya rufe rabinta.

Na kira Yaya.

"Naja'atu, in aka gano fa..."

"Yaya, numfashinsa nake ji a waya kamar ana jan buhu a ƙasa! Kwana biyu ne kawai. Ka taimake ni."

Can ya ce, "To, ƙanwata."

Direban tankar ruwa ya kai masa katin, da lambar Turai a rubuce, tunda ita ce matar mai katin.

Kwana tara ya yi a asibiti. Sau ɗaya ya samu ƙarfin kira na.

"Suna ta kira na Bawa... in manta, in ƙi amsawa."

"Ka daina magana, ka huta."

"Naja'atu... wanda ke gadon kusa da ni ba shi da iƙama. Da sunansa ya shigo. Ba wanda ya taɓa shi." Ya ja numfashi. "Ashe gaskiya ne."

Muryarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Ranar da labarin ya zo, ina zaune a ƙasan kicin, Yaya ya karɓi wayar daga hannun Turai.

"Gobe za su binne shi. Sun ce matarsa ta je ta sa hannu."

"Ni ce matarsa!"

"A takarda Turai ce." Sannan ya ce, "In na je na faɗi gaskiya, za a rubuta sunansa, a kira ki. Ni kuma kurkuku, daga nan a sa ni a jirgi zuwa ƙasar da ban san kowa ba. In na yi shiru, na mutu a takarda. Ba aikina na tuƙi, ba kafili, ubangidan da ke tsaya min. Amma ina tare da yarana huɗu."

"Yaya..."

"Ke ce mai miji. Wallahi in kin ce in je, zan je."

Na ce ya ba ni lokaci. Na tafi na tsaya a gindin matakala na kira Madam. Ta leƙo daga sama, mayafi a hancinta.

"Mijina ya rasu. Ki bar ni in je in ga fuskarsa."

"Allah ya jiƙansa. Amma ina da yara, Naja'atu, uwata tana da ciwon suga. In kin fita ba dawowa."

Na je bakin ƙofa na dafa ƙarfen. Rana ta gasa shi, ban janye hannuna ba. Ko an buɗe min, ina zan je in ce ni wace ce? Ni na roƙi katin nan da bakina. Yanzu in ƙara cewa Yaya ya biya da 'ya'yansa?

Ana kiran magariba na kira shi.

"Ka ce wa Turai ta je ta sa hannu."

Washegari ta je. Ta bayan gilashi suka nuna mata shi. Da ta fito na ce, "Anti Turai, yaya fuskarsa?"

"Ya rame... Amma lumui, kamar mai barci. Na gaya masa ke kika aiko ni."

A kicin na yi takabata, ina wanke-wanke. Yaya Bawa yanzu dako yake a kasuwar kayan miya, in ya hango motar 'yan sanda ya shige lungu. Bai taɓa yi min gori ba, ko sau ɗaya. Da ya yi ma da na ji sauƙi.

Shekara shida da aure ban taɓa kiran sunan mijina a gabansa ba, kunya ta hana. Yanzu babu takardar da ke ɗauke da shi a ƙasar nan. Shi ya sa kullum da safe, in na fito share ƙofar gida kafin kowa ya tashi, sai in jingine tsintsiya, in faɗa da ƙarfi yadda zan ji da kunnena.

"Na'ibi ɗan Zaharadden, mutumin Gumel."

Sannan in ci gaba da shara.