Magajiyar Masaukin Matsubaya

Osetsu ta riga ta zauna a bencin tarago mai daraja ta uku, ƙunshin kayanta a cinya, lokacin da mahaifinta ya faɗo ciki yana haki.

Tsoho Gihei, mai masaukin Matsubaya da ke gindin dutsen Kuzuhara, ya taɓa rantsuwa a gaban jama'a cewa ba zai taka jirgin ƙasa ba sai dai a ɗauko gawarsa. Ga shi ya taka da ransa, da takalmi ƙafa ɗaya.

"Tashi mu koma gida."

"Baba..."

"Na ce ki tashi."

Kafin ta motsa aka busa usur. Mai kula da taragai ya taho yana kulle ƙofofi ta waje, kamar yadda ƙa'ida ta tanada a lokacin, don kada fasinja ya hango gonarsu ya yi tsalle. Da ya iso ƙofarmu sai ya ƙame, makulli a hannu. Eitaro ne, saurayin da Osetsu ta gudo dominsa, kuma daga yadda bakinsa ya buɗe na gane bai san da zuwanta ba. Ya dube ta, ya dubi uban, ya waiga ya dubi shugaban tasha da ke riƙe da agogo. Sannan ya murɗa makullin.

Ni ne na uku a taragon. Akawu nake a ofishin rajistar iyali na gundumar, a shekara ta ashirin da biyu ta mulkin Sarki Meiji, saboda haka na san damuwarsu tun kafin su buɗe baki, domin a shafi ɗaya take a littafina. Osetsu ita kaɗai Gihei ya haifa, ita ce magajiyar gidan. Magajiya ba ta fita daga rajistar ubanta. Miji ne ke shigowa, ya ajiye sunansa ya ɗauki nasu. Eitaro kuwa ɗan fari ne, magajin gidansu, da uwa gwauruwa da kaburburan kakanni a wuyansa. Shi ba ya fita, ita ba ta fita. Shekara biyu suna son juna ta tagar tasha, tana kai masa ƙunshin shinkafa, yana ce mata hasken idonsa, doka kuma ba ta da gurbin da ake rubuta irin wannan.

Akwai wanda gurbin mijin magajiya ya dace da shi. Kumajiro, ɗa na biyu ga mai kekunan ja na garin, irin waɗanda mutum ke ja da fasinja a ciki, ba shi da gadon da zai bari, ya kuma daɗe yana ƙirga ɗakunan Matsubaya da ido. Shi ya ga Osetsu tana sayen tikiti da safiyar nan, shi ya ɗauko tsohon a kekensa ya sheƙo da shi tasha, bai ma jira ya samo ɗayan takalmin ba.

Jirgi ya tashi. Gihei ya jijjiga ƙofa, ya zagi ƙofa, ya zagi wanda ya ƙera ta. Da ya tabbata minti hamsin ne kafin tasha ta gaba, sai ya zauna ya juyo kan 'yarsa. Ya tambaye ta ina za ta. Ta ce gidan mahaifiyar Eitaro, za ta zauna can ko da ba a rubuta auren ba. Ya ce to 'ya'yan da za ta haifa a shafin wa za a sa su? Ya tuna mata allon sunan marigayiya mahaifiyarta da ke ɗakin tunawa da kakanni, ya tambaye ta wa zai kunna masa turare idan shi ya kwanta dama.

"Shekarata ashirin da huɗu, Baba. Tun da layin dogo ya zo nake shimfiɗa wa baƙin da ba sa zuwa. Da safe in naɗe shimfiɗar ba wanda ya kwanta a kai."

"Za su dawo. Mutum ba ya gajiya da ƙafarsa."

"Ni na gaji..."

Ta faɗi haka ne a hankali, hawaye na sauka a kan ƙunshin. Ni kuwa na duƙufa karanta wata takarda da na riga na haddace.

Can sai ga Matsubaya ta taga. Gihei ya miƙe ya manna fuska. Gidan da kakansa ya gina, mai ɗaki goma sha biyu, wanda a faɗarsa babu kamarsa daga nan har babban birni, ya bayyana kamar akwatin ashana a gefen tsohuwar hanya, ya ɓace kafin ya gama nuna mana shi da yatsa. Babu ko jaki a hanyar.

Sai muka shiga ramin da aka haƙa ta cikin dutsen. Duhu ya rufe mu da rana tsaka, hayaƙi ya cika taragon, ƙara ta toshe kunne. A cikin wannan duhu na ji muryar tsohon, ba irin wadda yake zagin ƙofa da ita ba.

"Osetsu... kina nan?"

"Ina nan, Baba. Riƙe hannuna."

Da haske ya dawo, yana riƙe da hannun nata da hannu biyu, fuskarsa baƙa ƙirin da hayaƙi. Bai sake ta ba. Ya tambaye ni minti nawa muka yi a ciki. Na duba agogona na ce huɗu.

Daga baya ya shiga bayani, ba ni yake yi wa ba, ba ita ba. Ya ce kakansa bai gina gidan a wurin don kyawun wurin ba. Matafiyi yakan iso gindin dutse da la'asar, ya ɗaga kai ya ga hawan yini guda, ya ce a kawo masa ruwan wanka. Dutsen ne ke ciyar da su, kaka da kakanni.

"Minti huɗu," in ji shi.

Sannan ya juyo gare ni ya tambaya, da ladabin da bai nuna mini ba tun shigowarsa, ko ana iya cire magajiya daga gado. Na ce ana iyawa, idan uba ya rubuta roƙo ya buga hatiminsa, kuma idan akwai wani da zai riƙe sunan gidan. Na ƙara da abin da aikina ya wajabta mini in faɗa: daga ranar ba 'yar gidan ba ce. Ba ita za ta kula da ɗakin kakanni ba, ba kuma za a binne ta kusa da mahaifiyarta ba.

Osetsu ta rufe baki da hannun riga. A gida ta yi shirin gudu, amma ba ta yi shirin a buɗe mata ƙofa a kan wannan farashi ba.

"Kumajiro yana son gidan," in ji Gihei. "Ban taɓa jin ya ce yana son ki ba, sai dai ya ce rufin yana da kyau. To ya samu rufin."

A tasha ta gaba Eitaro ya buɗe ƙofar, ya cire hula, ya rusuna har ƙasa.

"Kai ne ka kulle ni?"

"Doka ce, Baba. Ku gafarce ni."

"Ni ma doka nake bi shekara biyun nan. Ɗauki kayanta, sun yi mata nauyi."

Gihei ya ƙi karɓar tikitin komawa. Ya sayi takalman ciyawa a bakin tasha, ya hau dutsen da ƙafa, ya isa gida washegari.

An yi komai bisa tsari. Kumajiro ya zama ɗan Gihei a rajista, ya gaji suna da ɗakuna goma sha biyu da shirun da ke cikinsu. An ɗaura auren Osetsu da Eitaro bayan girbin shinkafa, kuma a iya sanina sun zauna lafiya, gwargwadon yadda mutanen da suka biya tsada suke zama.

Ranar da aka zo cire sunanta, su uku suka tsaya a gaban teburina. Osetsu na riƙe da gefen rigar mijinta. Gihei ya buga hatiminsa. Na buɗe shafin Matsubaya, na tsoma alƙalami a jar tawada, na ɗora shi a kan sunanta don in ja layin da zai soke shi. Sai tsohon ya dafa mini hannu.

"Akawu, ja shi siriri. Kada ka rufe sunan. Duk wanda ya buɗe littafin nan ya ga cewa na haife ta."

Ƙa'idar ofis ta ce layin ya zama mai kauri. Na ja shi siriri.